Ƙasar da Ke Shan Ruwa

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, Norma Ormerod ta faɗi a ɗan lambun ƙofar gidansu da butar shayi a hannu, kuma daga ranar ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba.

Mijinta Clifford yana falo yana karatu. Ya ji ƙarar butar a kan dutse, amma sai da ya kai ƙarshen sakin layi kafin ya miƙe. Daga baya ya koma ya ƙirga. Layi goma sha ɗaya ne.

A gindin itacen furenta na wardi ya same ta, can kusurwar da katangar titi ta haɗu da ta maƙwabci. Ganyen shayin safe ta je zubarwa, kamar yadda ta saba shekara arba'in da ɗaya. Ganyen shayi, ɓawon ƙwai, tokar murhu, duk abin da mai hankali zai kai shara, Norma gindin wardi take kai shi. Clifford ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya a sakandare, yana da littattafan lambu bakwai, bai kuma taɓa riƙe shebur ba. Ya sha gaya mata cewa babu littafin da ya ce a yi haka, camfin kakarta ne kawai. Takan ce, "To, Farfesa," ta ɗauki butarta ta fita.

Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana kuma ta koma ɗai-ɗai, kowace kalma sai ta jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Bayan mako biyu asibiti ta turo wata mata mai suna Hazel Brearley, wadda aikinta duba gida ne ta faɗi ko mara lafiya zai iya komawa cikinsa. Ta auna ƙofofi, ta ce a sauko da gado falo, a kafa abin dafawa a banɗaki. Sannan ta fito ta tsaya tana kallon lambun: matakala biyu, siririyar hanya mai fasassun duwatsu, laka dama da hagu.

"Keken guragu ba zai bi nan ba, Mista Ormerod. Sai an yi daɓe shimfiɗaɗɗe daga ƙofar titi har bakin ɗaki, ba matakala, da faɗin da keke zai juya."

"In ba a yi ba fa?"

"Ranar sha huɗu ga Nuwamba za a sallame ta. In gida bai shirya ba, sai gidan kula da tsofaffi. Na ɗan lokaci ne kawai."

Clifford ya san irin wannan ɗan lokacin. Yayar Norma ta shiga irin gidan na ɗan lokaci, ta fito bayan shekara huɗu a cikin akwati. A hanyar dawowa daga jana'izar Norma ta sa shi ya tsayar da mota a gefen titi ya yi mata alkawarin ba zai taɓa kai ta can ba. Yanzu saura kwana ashirin da huɗu.

Maginin da ya samu, Gavin Tordoff, ƙato ne mai fara'a, irin mutanen da ke kiran kowa maigida don ba sa riƙe suna. Ya taka lambun tsawo da faɗi, ya tofa cingam a hannu ya nannaɗe a takarda.

"Aikin kwana uku ne, maigida. Mu kwashe komai, mu zuba kankare, mu ɗan karkata shi wajen titi. Ruwa ya bi kwata ya kama gabansa, kai kuma ka turo uwargida kamar sarauniya."

"Dokar fa?"

"Wace doka kuma?"

Clifford ya riga ya karanta ƙasidar hukumar gari sau biyu, har ya gyara musu waƙafi a shafi na uku. Tun bayan babbar ambaliyar da aka yi shekara bakwai baya, ba a yarda mutum ya rufe fiye da murabba'in mita biyar na lambun ƙofar gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, ya kuma tura ruwan titi, sai da takardar izini. In kuwa ruwan zai ƙare a cikin ƙasar gidanka, ba mai tambayarka komai.

"Takardar tana cin mako takwas," ya ce. "Na buga musu waya. Yarinyar da ta ɗauka ta yi min ladabi ƙwarai, ta ba ni haƙuri sau huɗu, ta ce mako takwas."

"Haba maigida, rabin layin nan haka aka yi shi. Wa zai duba?"

"Ni zan duba."

Daga bayan katanga maganar ta fito. Malcolm Sugden ne, maƙwabcinsu na wajen gangare, yana tsaye da tsintsiya, hularsa ta ulu ta sauko har gira. Gidansa ne na ƙarshe a layin, daidai inda titi ya yi kwari. Shekarar ambaliya duk ruwan da gidajen sama suka kora titi a falonsa ya taru, har gwiwa. Shi da matarsa Beryl suka yi wata goma a ɗakin haya mai sanyi suna jiran bango ya bushe, Beryl kuma ba ta ga ƙarshen watannin ba. Tun daga lokacin Sugden yake yawo da 'yar kyamara a aljihu. Gida uku ya kai ƙara a layin, biyu an sa su sun fasa daɓensu.

"Sugden," in ji Clifford, "ba da kai ake magana ba."

"Da ruwa ake magana, ruwan kuma gidana yake zuwa. Ka ga ashe da ni ake."

"Dattijo," Gavin ya ce, "ɗan lambun nan nawa yake? Ruwansa ko kwanon wanka ba zai cika ba."

"Haka kowa ya ce, ƙato. Gida arba'in, kowa da kwanon wankansa. Ni na sha su duka." Ya juya ga Clifford. "Yaya Norma?"

"Tana nan."

"Ka gaishe ta." Ya ci gaba da shara.

Suka koma neman wata hanya. Tsakuwa zalla doka ta yarda da ita, amma tayar keke nutsewa take yi a ciki. Akwai bulo mai ratsa ruwa, sai dai Gavin ya ce ko yau aka yi oda sai ya yi wata guda kafin ya iso, kuma ba zai yi amfani ba. "Ƙarƙashinka yumɓu ne, maigida, duk unguwar nan yumɓu ce. Ruwa zai ratsa bulon ya zauna kamar a tasa, ya koma yana lasar bangon gidanka." Abin da ya rage guda ɗaya ne: a karkata daɓen zuwa wani wuri a cikin lambun, a haƙa rami a cika da tsakuwa, ruwa ya gangara ciki ƙasa ta shanye. Amma sai in akwai inda ƙasar ke sha.

Da yamma ya je asibiti. Norma na jingine da filo uku, gefen bakinta ya zube, idanunta kuwa suna nan yadda ya san su, masu ganin abin da aka ɓoye a bayan kujera. Ya gaya mata za a gyara hanya, za ta dawo gida ranar sha huɗu. Ta daɗe tana haɗa kalmar.

"Wardi."

"Yana nan lafiya."

"Kar... a taɓa."

Reshe ne da ta yanko daga gidan mahaifiyarta ranar da suka tare, ta kawo shi naɗe da jiƙaƙƙiyar jarida a cikin jakar hannu. Gidan mahaifiyar an rushe shi tuni, wurin ya zama filin ajiye motoci.

"Ba mai taɓa shi," ya ce.

Ta kama hannun rigarsa da hannun hagu. "Rantse."

"Norma, ni da ke mun wuce rantsuwa."

"Cliff."

"Na rantse."

Ƙasidar ta faɗi yadda ake gwada ƙasa: ka haƙa rami kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa, ka ga tsawon lokacin da zai yi kafin ya shanye. Washegari Clifford ya ciro sheburin Norma daga rumfa, ƙotarsa ta yi santsi daidai inda hannunta ke kamawa. Ya haƙa rami kusa da ƙofar titi, ya haƙa ɗaya a tsakiya, ɗaya a jikin katangar sama. Duk inda ya soka, yumɓu ne mai ruwan toka, yana kama shebur kamar ba zai saki ba. Ya cika su da bokiti, ya rubuta lokaci a bayan ambulan. Bayan awa huɗu ruwan yana nan. Washegari da safe ma yana nan, har ganye biyu sun faɗa suna yawo a kai.

Ramin na huɗu bai yi niyyar haƙa shi ba. Ya gaya wa kansa don cika gwaji ne kawai, malamin kimiyya ba ya barin kusurwa ɗaya ba a auna ba. Ya soka shebur taku ɗaya daga gindin wardin, shebur ya shige kamar cikin burodi. Baƙar ƙasa ce mai laushi, tana warwatsewa a hannu. Ya juye bokiti, ya shiga ya ɗora ruwan shayi. Kafin buta ta tafasa ya leƙo ta taga. Ramin ya bushe.

Ya sake cikawa. Ya shanye. Ya cika sau biyar, yana tsaye a kai da agogo a hannu, yana fatan ƙasar ta ƙoshi. Ba ta ƙoshi ba.

Gavin ya zo ya durƙusa ya murza ƙasar a yatsu. "Kai! Wannan ai zinariya ce. Nan za mu yi ramin."

"Ku karkato ruwan nan ɗin, amma ku bar itacen a inda yake."

"Ba zai yiwu ba, maigida. Duba." Ya ɗora doguwar sandar awonsa daga hanya zuwa gindin wardin. Shekara arba'in na toka da ganyen shayi sun ɗaga wurin, ya fi hanya tudu da fiye da taƙi guda. "Ruwa ba zai hau nan ba. Dole mu sauke wurin, mu haƙa har ƙugu, mu zuba tsakuwa. Saiwar tana tsakiyar ramin."

"A matsar da ramin."

"Zuwa ina? Taku biyu nan yumɓu, taku biyu can katanga." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya rage murya. "Ka ji shawarata. Ranar Asabar mu zo da sassafe, mu zuba, mu karkata titi. Ofishin hukuma a rufe. Kafin Litinin ya daskare. Tsohon can in ya ga dama ya ɗauki hoto har kyamarar ta mutu. Kafin su motsa uwargida ta dawo."

Saura kwana ashirin. Clifford ya ce zai yi tunani.

Kwana huɗu ya yi yana tunanin. Ya je asibiti kullum, ya karanta mata jarida, tana gyangyaɗi. A gadon da ke kusa da nata an sallami wata tsohuwa zuwa gidan kula da tsofaffi, 'yarta na ta cewa, "Na ɗan lokaci ne, Mama," tana cusa silifas a leda. Norma ta bi su da ido har ƙofa, sannan ta juyo ta dube shi. Bai iya ci gaba da karatun ba.

Ranar Alhamis ya ƙwanƙwasa ƙofar Sugden, abin da rabonsa da yi tun rasuwar Beryl. Sugden ya buɗe, bai ce ya shigo ba. Daga bakin ƙofa ana iya ganin layin da ruwa ya bari a jikin matakalar bene, ya ƙi fentin wurin da gangan.

"Ranar Asabar za a zuba kankare," in ji Clifford. "Wajen titi."

"To. Ranar Litinin ƙarfe tara ina ofishin hukuma."

"Mako takwas kawai nake nema. In ta dawo sai in nemi takardar, in gyara yadda suke so."

"Ba za ka gyara ba. Ba wanda ya taɓa gyarawa. Kuma in na kai, ba mako takwas suke yi ba, sun san ni, ranar Laraba za ka ga mutum da fallen takarda a hannu. In suka ce a fasa, ranar da za a sallame ta ƙofar gidanka tarin ɓaraguzai ce."

"Norma ce fa, Malcolm."

Sugden ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. "Na san ko wace ce. Ita ta riƙa kai wa Beryl miya a ɗakin hayar nan, bas biyu take hawa, kai kana gida kana karatu. Je ka tambaye ta. Ka ce mata za ka turo ruwa ƙofar Beryl don kar a taɓa fure. In ta ce ka zuba, na rantse zan jefa kyamarar a kwata."

"Ba ta iya doguwar magana."

"Wannan ba ta bukatar doguwa."

Shekara talatin da biyar Clifford bai taɓa rasa abin gaya wa ɗalibi mai taurin kai ba. Ya juya ya tafi.

Bai tambaye ta ba. Ya san amsar da za ta ba shi a kan ruwan, ya kuma san yadda fuskarta za ta yi a kan wardin, kuma likita ya ce a guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Aƙalla wannan ne dalilin da ya ba kansa. Ya buga wa Gavin waya ya ce a yi ramin a kusurwa, amma itacen shi zai cire da hannunsa.

Ranar Juma'a da hantsi ya fara. Ya rage rassan kamar yadda littafi na huɗu ya ce, ƙaya ta yayyage masa bayan hannu har wuyan riga. Ya zagaye gindin da shebur, yana ƙoƙarin ɗago saiwar da ƙasarta. Ƙasar cike take da ɓawon ƙwai fari-fari da tsutsotsi masu ƙiba. A zurfin kamu ɗaya shebur ya bugi ƙarfe. Cokalin shayi ne, ɗaya daga cikin shidan da aka ba su ranar aure, wanda ya ɓace shekara talatin da suka wuce, ya kuma yi mako guda yana yi mata wa'azi a kan sakaci. Ya goge shi a wando ya sa a aljihu.

Babbar saiwar ta ƙi fita. Ta miƙe ƙasa sosai, ta fi kaurin babban yatsa. Ya haƙa har numfashinsa ya fara sarƙewa, bai ga ƙarshenta ba. Ya ɗauko zarto. Ƙarar da ta yi ba ta da yawa.

Da ya ɗago kai Sugden na tsaye a ƙofar titi da baro.

"Sa shi nan. Kai in an bar maka kafin Lahadi ka kashe shi da karatu."

"Zai rayu?"

"Da wannan yankan? Ban sani ba. Zan sa shi a bayan gida, inda iska ba ta bugu." Ya lulluɓe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ya tura baron ya fita.

Washegari Gavin da mutanensa suka haƙa ramin. Da suka kai zurfin ƙugu ya kira Clifford. "Zo ka ga wani abu, maigida. Ka ga bangon ramin? Yumɓu nan, yumɓu nan. Amma tsakiya wani ya taɓa haƙe shi tas, ya huda yumɓun har ya kai yashin da ke ƙasa, ya cika da toka da tsakuwa da taki. Shi ya sa yake sha. Duk layin nan ba za ka sami irinsa ba. Wane ƙato ne ya yi wannan aikin?"

Clifford ya tuna. Bazarar shekarar da suka tare, yana zaune a bakin taga yana duba takardun jarrabawa, Norma tana cikin rami har ƙirji da ɗankwali ja, tana fitar da yumɓu bokiti-bokiti, kwana tara. Ya buɗe taga ya gaya mata littafi ya ce zurfin shebur biyu ya wadatar, wahalar banza take yi. Ta ce mahaifiyarta ta ce a haƙa har sai ƙasa ta canja launi. Ya yi dariya ya rufe taga.

"Matata ce," ya ce.

"Uwargida? Ita kaɗai?" Gavin ya yi fito. "In ta warke ka turo min ita, zan kori biyu daga cikin waɗannan ragwayen."

Aiki ya ja fiye da yadda aka ce. Ruwan sama ya hana su kwana huɗu, motar duwatsu ta makara kwana biyu. Kowace safiya Clifford yana soke rana ɗaya a kalandar kicin, kowace yamma yana asibiti da hannayensa a aljihu.

"Wardi?"

"Lafiya lau."

"Shayi?"

"Ina zuba masa kullum."

Saura mako guda ta ce, "Fure." Ya gane. Wardin yakan yi furen ƙarshe a farkon Nuwamba, guda biyu ko uku, kafin sanyi ya kama, kuma kowace shekara takan yanko ɗaya ta sa a kofi a tagar kicin. "Kawo."

Ya ce gobe. Ya fito ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba. Na kanti ba zai yi ba, Norma za ta gane tun daga bakin ƙofa, na kanti ba su da ƙanshi.

Da safe ya tarar da kwalbar madara a kan matakalarsa, da fure ɗaya a ciki, ja mai duhu, gefensa ya ɗan ƙone da sanyi. Sugden na shara a ƙofarsa.

"Daga ina?"

"Daga bayan gidana. Ita ta ba Beryl reshe shekarar da muka zo. Itace ɗaya ne, ba ƙarya za ka yi ba. Aƙalla ba duka ba."

"Wa ya gaya maka tana so?"

"Farkon Nuwamba ne, Farfesa. Kowa a layin nan ya san kofin nan na tagar kicin, ban da kai."

Norma ta karɓi furen da hannun hagu, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ba furen ta kalla ba, hannunsa ta kalla, wanda ya manta ya mayar aljihu: sawun ƙaya ya bushe baƙi-baƙi, tafin ya yi kanta, farce biyu sun fashe. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin sawun, ta bi shi a hankali har wuyan hannu. Sannan ta dubi fuskarsa, tana jira.

Maganar tana bakinsa. Ya riga ya shirya ta, ya gyara ta sau da yawa a mota kamar mai shirya darasi. Amma ba a faɗar rabinta. In zai gaya mata abin da Gavin ya gani a ramin, dole ya gaya mata dalilin haƙa ramin, da zarto, da rantsuwar da ya karya. Ya ce a ransa sai ranar Juma'a, ranar sallama. In ya turo ta ta ƙofar titi, ta ga kusurwar da idonta, tana gidanta ba mai iya mayar da ita ko'ina, sai ya durƙusa gaban keken ya faɗi duka, ta yi masa duk abin da za ta yi.

"Ƙaya ce," ya ce. "Wajen yanko miki."

Ta ɗauke yatsanta. "To," ta ce. "Farfesa."

Ranar Talata aka gama. Duwatsu masu faɗi, shimfiɗe sumul daga ƙofar titi har bakin ɗaki, an karkata su kaɗan yadda ido ba zai gani ba, da siririyar magudana a bakin titi mai tare ruwa ta mayar da shi kusurwa. Inda wardin yake, yanzu farar tsakuwa ce. Ranar Laraba Hazel Brearley ta zo da keke ba kowa a ciki, ta tura shi ta juya shi, ta sa hannu a takarda. Clifford ya sauko da gado falo, ya shimfiɗa zanen gado mai ruwan ɗorawa da take so, ya wanke cokalin ya ajiye a kan teburin gefe.

Ranar Alhamis da safe, ƙarfe takwas da kwata, yana shafa man shanu a burodi waya ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon ya sake buge Norma ana cikin ba ta karin kumallo, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma rai ya yi halinsa. Ta tambaye shi ko akwai wanda zai kawo shi. Ya ce zai iya tuƙi. Ya ajiye waya ya ƙarasa shafa man har gefe-gefe, don bai san abin da zai yi da wuƙar ba.

Da ya dawo da azahar da jakar kayanta, furen na ciki naɗe da takarda, hadari ya haɗo daga yamma. Yana rufe mota ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ke cika kwata cikin minti biyar. Bai shiga gida ba. Ya tsaya a kan sabon daɓen da ba keken da zai bi, yana kallon ruwa na taruwa a kan duwatsu, yana gangarowa a hankali, yana karkata, yana bin magudana zuwa kusurwa. Ya shiga cikin tsakuwa ya ɓace. Wani ya biyo, shi ma ya ɓace.

Sugden ya fito da laima. Ya tsaya a titi daidai ƙofar Clifford, ya sunkuya yana duba bakin daɓen, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ga jakar, ya ga fuskar mai riƙe da ita. Ya cire hula a cikin ruwan.

"Yaushe?"

"Da safe."

Ruwan gidajen sama na gudu a kwata, ja da laka, yana wucewa ta gabansu zuwa kwari.

"Ko ɗigo bai fito daga naka ba," in ji Sugden. Ya matso ya ɗora laimar a kansu su biyu. "Shiga ciki, Clifford. Za ka kamu da mura."

"Ina zuwa."

Bai motsa ba. Yana kallon kusurwar tana sha, tana sha, kamar yadda ta sha bokiti biyar ɗin nan ba ta ƙoshi ba. Maganar da ya ajiye wa ranar Juma'a tana nan a bakinsa yadda ya shirya ta, gajeriya ce, ko Norma da harshenta mai nauyi za ta iya faɗinta a numfashi biyu. Norma, duk layin nan ƙasarki ce kaɗai ke shan ruwa. Littattafan ba su sani ba, ni ma ban sani ba. Ke ce da gaskiya.